'Yar Rakiya: Neman Aiki da Kafa Zama ga Wadda Ta Bi Mijinta Karatu Ingila



Sa'ad da aka nemi in yi wannan lacca, masu shirya ta sun zaci a kan nahawu ko waƙa zan yi magana, tun da yake da su nake cin abinci. Sai na roƙe su su bar ni in ɗauko wani abu dabam. Kowace shekara mukan yi ban kwana da malamai da ma'aikata waɗanda suka sami gurbin ƙaro ilmi a ƙasashen waje. A yi musu walima, a yi musu addu'a, a ja musu kunne a kan karatu. Amma ban taɓa jin an ce uffan ga matar da ke zaune a gefe da goyonta ba, alhali kuwa jirgi ɗaya za su shiga. To, ita ce zancena yau. Zan tsaya a kan ƙasar Ingila, domin can na yi shekara huɗu da iyalina ina neman digiri na uku. Galibi mace ce ke bin miji, saboda haka zan riƙa cewa "ita". Sai dai a zamanin nan akwai mazan da ke bin matansu likitoci da nas-nas da ɗalibai, kuma duk abin da zan faɗa ya shafe su.

Tun da yake malamin harshe ne ni, bari in fara da kalma. Bahaushe yana da sunaye da yawa na barin gida: fatauci, cin rani, ƙaura, yawon almajiranci, gudun hijira. Ko wanne da dalilinsa, ko wanne da ladubbansa. Amma wadda ta bar gida don wani ya sami abin da ya fita nema, ba mu da sunan da za mu ba ta sai 'yar rakiya. Ita kuwa rakiya a al'adarmu tana da iyaka. Kakan raka baƙo ƙofar gida, ko bakin gari, ko tasha, ka ce masa a sauka lafiya, ka juyo. Har ma idan aka ce wane ɗan rakiya ne a cikin wani sha'ani, ana nufin ba shi da ta cewa, ba shi da riba, ba shi da hasara. Dokar Birtaniya ita ma ta ba wannan mace suna mai ma'anar wadda ta dogara ga wani. Sunayen nan biyu duka sun yi mata ƙarya. Ga dalili: shi ɗalibi doka ta ƙayyade masa aikin awa 20 a mako lokacin da makaranta ke ci, ita kuwa an yarje mata ta yi cikakken aiki, kusan kowane iri, ban da sana'ar wasanni. Ashe ke nan a gidaje da yawa wadda aka kira mai dogara, a kanta tukunya ta dogara.

Wannan ba sabon abu ba ne. Marubuciyar nan Buchi Emecheta ta bi mijinta ɗalibi daga Ikko zuwa Landan a shekarar 1962, ta yi aiki a ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya, ita ke ɗauke da gida da 'ya'ya. Daga abin da ta gani ne ta rubuta littafinta Second-Class Citizen, wanda ya fito a 1974. Mu a nan muna da Tafiya Mabuɗin Ilmi na Alhaji Abubakar Imam, labarin zuwansa Ingila a 1943, amma wannan idon baƙo ne na 'yan makonni, wanda aka tarba aka zaga da shi. Labarin wadda ta zauna ta yi sanyi huɗu a ɗaki ɗaya, har yanzu muna jiran mai rubuta mana shi da Hausa.

Kafin in shiga batun aiki, wajibi ne in faɗi wanda ƙofar take buɗe gare shi, domin al'amarin ya sake. A shekarar 2019 bizar da aka ba iyalan ɗalibai na duniya duka wajen 16,000 ce. A 2022 ta kai wajen 136,000, kuma sama da 60,000 daga ciki na 'yan Nijeriya ne. Ganin haka sai gwamnatin Birtaniya ta ƙuntata hanyar. Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2024, ɗalibin da ya je digiri na biyu na darussan aji ba shi da iznin ɗaukar iyali. Waɗanda suka rage su ne masu digirin bincike, watau irin digiri na uku, da kuma waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu a kwas ɗin da ya wuce wata shida. Ku lura, waɗannan biyun su ne daidai irin mutanen da ke cikin wannan zaure.

Sa'an nan akwai kuɗi. Bisa ƙa'idar 2024, sai an nuna fam 845 na kowane wata ga kowane mutum ɗaya na iyali idan a Landan za a zauna, ko fam 680 idan a wajenta ne, har na wata tara, kuma kuɗin su kwana 28 a asusu ba su ragu ba. Ga kuma kuɗin lafiya da ake biya tun kafin a ba da biza. An fara karɓarsa a 2015 a kan fam 150 a shekara ga ɗalibi, a watan Fabrairu na 2024 ya kai fam 776. Mutum da matarsa da 'ya'ya biyu, na shekara uku, fam 9,312 ke nan a dunƙule. Ku auna wannan da faɗuwar naira, wadda a farkon 2023 ƙasa da 600 take sayen fam ɗaya a farashin gwamnati, a cikin 2024 kuwa sai da ta kai wajen 2,000. Akwai kuma abu biyu da suka shafe mu musamman. Na farko, aurenmu da yawa an ɗaura su ne a zaure gaban shaidu, ba takarda, su kuwa can takarda suke tambaya, saboda haka a nemi shaidar aure tun da wuri. Na biyu, dokarsu ba ta yarda mutum ya shigo da mace fiye da ɗaya a matsayin matarsa ba. Mai mata biyu sai ya san yadda zai yi adalci tun kafin ya sayi tikiti.

To, an isa. A nan ne bambancin mutum biyun nan yake fitowa fili. Shi ɗalibi ya tarar an share masa wuri: ga malamin da zai duba aikinsa, ga tebur, ga katin ɗakin karatu, ga abokan karatu da za su ce masa mu je mu sha shayi. Ranar farko ma yana da inda za shi da ƙarfe tara. Ita kuwa ba wanda ke jiranta a ko'ina.

Kakanninmu fatake sun san maganin wannan. Bahaushen da ya sauka Sabo ta Ibadan, ko zangon Kumasi, ba ya yawo yana neman wanda zai yarda da shi. Yana da mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa dukiya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa idan an ba shi bashi. Wani masani mai suna Abner Cohen ya yi nazarin wannan tsari a Sabo, ya buga littafi a kansa a 1969, ya nuna cewa cinikin shanu da goro na dubban fam yana tafiya ne bisa amanar waɗannan masu gidaje. Abin da nake so ku riƙe shi ne, Ingila ma ba ta ɗaukar baƙo aiki sai wani ya tsaya masa. Bambancin kawai, su sun mai da mai masauki takarda. Mai ba da aiki zai nemi sunan mutum biyu da za su yi shaidarki, ya fi son waɗanda suka gan ki kina aiki a cikin ƙasar. Mai gidan haya zai nemi wanda zai lamunce muku. Banki zai nemi shaidar adireshi, mai gida kuma ya nemi asusun banki. Jami'a ita ce mai masaukin ɗalibi, da wasiƙa ɗaya takan warware masa yawancin wannan. Matar tasa kuwa sai ta ƙera nata mai masaukin da hannunta.

Akwai ƙananan takardu da ba su da wuya, amma jinkirinsu yana cin wata guda a banza. Ta nemi lambar inshorar ƙasa, wadda da ita ake lissafin haraji. Ta san yadda ake fitar da lambar da ke nuna wa mai ba da aiki cewa tana da iznin aiki, domin tun ƙarshen 2024 an bar katin zama na roba an koma shaidar da ke kan intanet. Ta yi rajista da likitan unguwa, wannan kyauta ne. Ta buɗe asusu da sunanta ita kaɗai, ba na haɗin gwiwa kawai ba. Idan tana tuƙi, lasin Nijeriya wata 12 yake aiki, bayan nan sai ta ci jarrabawarsu. Ta kuma sani an rubuta a bizarta cewa ba ta da rabo a kuɗin tallafin gwamnati, kada wata maƙwabciya mai kyakkyawar niyya ta cika mata takardar neman abin da zai ɓata mata zama.

Babban al'amari shi ne takardun ilminta. Akwai hukuma mai suna UK ENIC, wadda kafin 2021 ake kira UK NARIC, ita ke auna digirin waje ta faɗi matsayinsa a ma'aunin Birtaniya. Wannan yana da amfani, amma ba ya buɗe ƙofar sana'o'in da doka ta tsare. Nas ko ungozoma sai ta yi rajista da hukumar NMC, bayan jarrabawar Turanci, da jarrabawa a kwamfuta, da kuma ta gwajin aiki da hannu. Likita sai ta bi ta hukumar GMC, galibi da jarrabawar PLAB mai kashi biyu. Malaman makaranta kuwa, a watan Fabrairu na 2023 aka buɗe wa waɗanda suka sami horo a Nijeriya da Gana da wasu ƙasashe hanyar neman shaidar cikakken malami, amma a fannin lissafi da kimiyya da harsuna. Abin takaici shi ne, kashi mai yawa na wannan aiki a nan gida ya fi sauƙin yi: jarrabawar Turanci, takardar sakamako daga jami'a, wasiƙar shugaban wurin aiki, shaidar 'yan sanda cewa ba ta da laifi. Wanda ya taɓa neman takardar sakamakonsa daga wata jami'a tamu yana zaune a ƙasar waje, ya san abin da nake nufi. Mu mun yi wata bakwai muna jiran ta maiɗakina. Mukan shafe shekara muna shirin takardun ɗalibi, ba mu ba nata ko mako guda ba.

Bari in ba ku namu labarin, ko da yake ba ni ne gwarzonsa ba. Mun sauka wani gari a arewacin Ingila a kakar 2014, da yara biyu. Maiɗakina ta bar aikin koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, bayan shekara bakwai tana yi. A watan Disamba a can, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Nakan fita da duhu, in dawo da duhu, in zauna ina ba ta labarin abin da malamina ya ce a kan babi na ɗaya. Wata rana ta bari na gama, sai ta ce, "Malam, kai ka zo karatu. Yara sun zo makaranta. Ni me na zo yi?" Na buɗe baki in ce rakiya, sai na ji nauyin kalmar, na yi shiru.

Ta rubuta takardun neman aiki sun fi talatin, amsa biyu ta samu, duka na ban haƙuri. Daga baya muka gane kurakuranmu. Takardar tarihin aikinta irin tamu ce ta gida, shafi biyar, da ranar haihuwa da jiha da ƙaramar hukuma da addini da sunan firamare. Su kuwa shafi biyu suke so, ba hoto, ba shekaru, sai abin da ka iya da abin da ka aikata. Kuskure na biyu ya fi wannan zurfi, kuma a nan malamin Hausa yana da abin faɗi. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici. Yabon kai jahilci ne, in ji mu. Idan aka tambayi 'yar mutunci abin da ta iya, sai ta sunkuyar da kai ta ce tana dai taɓawa. A wurin ganawar ɗaukar aiki a Ingila, sunkuyar da kai alamar rashin gaskiya ce ko rashin iyawa, kuma idan ka ce "mun yi" sai a tambaye ka, kai me ka yi? Ba ina cewa a zubar da kunya ba ne. Cewa nake a san wannan wani harshe ne dabam, a koye shi kamar yadda ake koyon kowane harshe, a yi shi a ɗakin ganawa, a bar shi a can.

Da kuɗi suka yi ƙasa, sai ta karɓi aikin da ke samuwa ga kowane baƙo cikin mako guda, watau kula da tsofaffi, ta hannun wani kamfanin dillancin ma'aikata. Aikin dare ne, awa 12. Ba na raina wannan aiki. Halal ne, da shi muka biya haya, kuma mafi ƙanƙancin lada da doka ta yanka, wanda a watan Afrilu na 2025 ya kai fam 12.21 a awa ga mai shekara 21 zuwa sama, yana riƙe gida in an yi tattali. Haɗarinsa shi ne yana da sauƙin shiga, yana da wuyar fita. Mai aikin dare ba ta da ƙarfin karatun jarrabawa da rana. An shiga da niyyar wata uku, sai a waiwaya a ga shekara uku. Na san masu digiri biyu da suka dawo gida ba abin da za su rubuta a takardarsu na waɗannan shekaru sai wannan. Shawarata ga ma'aurata ita ce su yanka wa aikin farko wa'adi tun ranar da aka karɓe shi, su kuma ware kuɗin jarrabawar sana'arta daga albashin farko, kafin 'yan'uwa a gida su ji labarin an fara aiki.

Abin da ya fitar da ita ba takarda ba ce. Makarantar da yaranmu ke zuwa ta nemi iyayen da za su riƙa zuwa sauraron karatun yara, kyauta, safiya ɗaya a mako. Ni na ce mata wahala ce ba lada. Ba ta saurare ni ba. Saboda wannan aikin sa kai aka yi mata binciken da doka ta wajabta ga duk mai aiki da yara, ta sami takardarsa. Bayan wata biyar shugabar makarantar ta ga yadda take bi da yaran da lissafi ke ba wuya, ta rubuta mata shaida. Da wannan shaida ta sami aikin mataimakiyar malami a wata sakandare. Ta sami mai masaukinta ke nan. Matsayin bai kai wanda ta baro a gida ba, amma ta koma aji, kuma a ranar na ga ta sake zama matar da na sani.

Game da zaman gida, abu ɗaya zan tsaya a kai. A nan renon yaro aikin gida ne duka: kaka, ƙanwa, maƙwabciya, 'yar riƙo. Can babu ko ɗaya, kuma barin ƙaramin yaro shi kaɗai a ɗaki yana iya jawo hukuma. Gidan reno yana da tsada ƙwarai. Abin da kowane yaro ɗan shekara uku ko huɗu yake samu kyauta a Ingila awa 15 ne a mako, na mako 38 a shekara, makarantar gwamnati kuwa kyauta ce. Saboda haka in dai mace za ta yi aiki, dole miji ya shiga kicin, ya kai yara makaranta, ya yi wanka da wanki. Na ga gidajen da suka girgiza a kan wannan, ba a kan kuɗi ba. Na kuma ga waɗanda suka girgiza ranar da albashin mace ya ninka kuɗin guzurin miji. Shari'a ta ce dukiyar mace tata ce, ciyarwa kuma a kan miji take, saboda haka abin da ta sa a cikin haya alheri ne ta yi, sai a karɓe shi da godiya, ba da gadara ba. Ku sani kuma bizarta a ɗaure take da auren. Idan aka rabu, doka ta ce a sanar da hukuma, ana kuwa iya gajarta mata zama. Mijin da ya mai da wannan bulala yana yi wa matarsa barazana da ita, ya ci amanar iyayen da suka ba shi. Ita kuma ta riƙe fasfonta da takardunta a hannunta, ta san lambobin shiga asusunta na hukumar shige da fice.

Kada kuma a raina masallaci da taron 'yan gida, da sunan an zo koyon zaman Turawa. A nan ake jin inda ake sayar da naman halal da garin tuwo, da mai gidan hayar da ba ya wulaƙanta baƙi, da wurin da ake neman ma'aikata. Azuminmu na farko a can, a 2015, ya faɗo tsakiyar bazararsu, wuni ya haura awa 18, ba don buɗa-bakin da matan unguwa ke haɗuwa su yi ba, da ban san yadda za ta ƙare ba. Sai dai wadda ta tsaya cikin 'yan gida kaɗai, aikin da suke yi shi za ta samu, ba wani ba.

Saura magana ɗaya ga ma'aikatan gwamnati. Yawancinku za ku dawo, domin an ɗaure ku da yarjejeniya. Shi zai dawo da digiri, a ƙara masa girma. Ita fa? Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun tanadi hutu ba albashi ga ma'aikacin da zai bi abokin aurensa kwas a ƙasar waje, kuma ya kamata ma'aikatan jihohi su binciki abin da tasu ƙa'idar ta ce. Kada ta ajiye aiki, kada kuma ta tafi da iznin baki na wani shugaba wanda za a iya canja shi kafin ta dawo. Ta rubuta, ta jira amsa a rubuce, ta yi kwafi uku. Mu ba mu san da wannan ba. Maiɗakina ta ajiye aikinta ne da wasiƙa mai layi huɗu, wadda ni na rubuta mata da hannuna. Da muka dawo a 2018, sai da ta yi wata goma sha huɗu tana nema, kana aka sake ɗaukar ta a matakin da ta baro, ɗalibanta na dā biyu suna gaba da ita a ofis.

Shugaba, a nan zan dakata, in ba da dama ga masu tambaya.